Sikeli Bai San Tsoka Ba: Waiwaye a Kan Auna Jiki da Lantarki

Bahaushe yana da kalmomi da yawa na siffanta jiki, amma kusan dukkansu da ido ake yanke hukuncinsu. Idan matafiyi ya dawo gida aka ce masa ya yi jiki, yabo ne, alama ce ta cewa ya sami wurin zama a inda ya je. Idan aka ce ya rame, to tambaya ce ke biye, ko ciwo ya yi, ko kuwa wata damuwa ce ke cin sa. Ana cewa wane ya yi tumbi, wance ta yi teɓa, yaro ya yi ɓulɓul, tsoho ya yamushe. Da sikeli ya shigo asibitoci, sai aka sami lambar da za a ɗora a kan abin da ido ya gani, aka kuma ɗauka cewa lambar ta fi ido gaskiya. Sai dai sikeli da ido rauninsu ɗaya ne, wato jimla kawai suke gani. Kilo guda na tsoka, da kilo guda na kitse, da kilo guda na ruwan kumburi, duk abu ɗaya ne a wurin sikeli, alhali a wurin mai jikin na farko ƙarfi ne, na biyu kaya ne, na uku kuwa ciwo ne.

Wannan rauni ne ya sa masana suka daɗe suna neman hanyar leƙa cikin jikin mai rai, a san kason kowane sashe ba tare da an tsaga shi ba. Hanyar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce a tura ɗan ƙaramin lantarki ya ratsa jiki, a auna irin turjiyar da ya gamu da ita, sannan a yi lissafi. Na'urorin da ke wannan aiki suna nan a asibitoci da wuraren motsa jiki, har ma a cikin agogon hannu. Abin da ya gudana tsakanin wani tsohon malamin makaranta da 'yarsa ya isa ya nuna abin da na'urar ke iya faɗa, da kuma abin da mutane ke ɗora mata wanda ba ta faɗa ba.

Nauyin da bai motsa ba

Malamin yana da shekara 68, ya ajiye aiki bayan shekara 35 yana koyar da lissafi a makarantun sakandare. Babban abin alfaharinsa game da lafiyarsa shi ne nauyinsa, domin kusan shekara 20 ke nan sikeli yana ba shi kilo 72, ba ƙari ba ragi. Tsawonsa santimita 170 ne, kuma da kansa ya yi lissafin nan na raba nauyi da tsawo sau tsawo, wanda ake kira BMI, ya sami 24.9. Ya san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsakanin 18.5 da ƙasa da 25 a matsayin daidai, don haka hankalinsa a kwance yake. Ko da aka gano yana da ciwon sukari shekaru bakwai da suka wuce, lambar nan ita ce hujjarsa a duk lokacin da aka yi masa maganar abinci. Sutura ma ba ta tona masa asiri ba, domin wando mai zariya ba ya ƙorafi idan ƙugu ya faɗaɗa, babbar riga kuma ba ta nuna cewa damtse ya sirance.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, tana aiki a sashen kula da abinci da gina jiki na wani asibitin koyarwa. Ita ba sikeli take kallo ba. Ta lura cewa idan zai tashi daga sujada sai ya dafa bango, kuma murfin kwalbar da ya saba buɗe wa kowa a gidan yanzu jikansa yake miƙa wa. Ta ga cinyoyinsa sun janye, cikinsa kuma ya turo. Wata rana da hunturu, bayan ta kawo masa kunu, ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ina so ka zo wurin aikinmu a auna ka."

Ya ce, "Uwata, ai na hau sikeli ranar Juma'a. Saba'in da biyu ne, kamar kullum."

Ta ce, "Na san da saba'in da biyun, Baba. Abin da ke cikinta nake so mu gani."

Ya amince ne don kada ya watsa mata ƙasa a ido. Ta sa sharaɗi cewa da sassafe za su je, kafin ya karya, bayan ya kama ruwa. A can aka ce ya cire takalmi da safa da agogo, ya zazzage aljihunsa. Da ya hau na'urar karon farko ta ƙi karantawa, saboda kaushi da fason da hunturu ya bari a dugadugansa sun hana fatar haɗuwa sosai da faya-fayen ƙarfen da ake takawa. Sai da aka goge masa tafin ƙafa da jiƙaƙƙen ƙyalle sannan ya sake hawa, ya riƙe mariƙai biyu, ya ware hannuwa daga jiki. Bai ji komai ba. Kafin minti guda ya cika takarda ta fito.

Abin da lantarkin ke tararwa a ciki

Lantarkin da na'urar ke turawa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba, shi ya sa ba a jin sa. Mai kai-komo ne, kuma a na'urori da yawa yana juyawa sau 50,000 a cikin sakan guda. Shi lantarki hanya mai sauƙi yake bi, a cikin jiki kuwa hanya mai sauƙi ita ce ruwa mai ɗauke da gishiri. Namijin da ke da nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa kimanin lita 42, wajen lita 28 a cikin ƙwayoyin halitta, wajen 14 a wajensu, har da wanda ke cikin jini. Tsoka cike take da wannan ruwa, kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, saboda haka lantarki yana ratsa ta ba wahala. Kitse ruwansa kaɗan ne, ƙashi ma haka, don haka suna tare masa hanya. Mutum biyu masu tsawo ɗaya da nauyi ɗaya, wanda ya fi tsoka zai nuna turjiya kaɗan, wanda ya fi kitse zai nuna turjiya mai yawa.

Daga nan sai lissafi. Ana ɗaukar jiki tamkar bututu ne cike da ruwan gishiri. Turjiyar bututu tana ƙaruwa da tsawonsa, tana raguwa da kaurinsa, don haka idan aka ninka tsawo da kansa aka raba da turjiya, za a sami lamba mai tafiya tare da yawan ruwan da ke ciki. Ga malamin, 170 sau 170 ya ba da 28,900, turjiyarsa ta wannan safiya kuwa om 550 ce, sakamakon ya kama 52.5. Wannan lamba ita ake zubawa a cikin wata ƙa'idar lissafi tare da nauyi da shekaru da jinsi, a fitar da ƙiyasin ruwan jiki. Sai a yi zato na biyu, cewa duk abin da ba kitse ba ne a jiki kashi 73 cikin ɗari nasa ruwa ne, adadin da ya samo asali daga wani bincike da Pace da Rathbun suka yi a kan dabbobi a 1945. Da wannan ake fitar da nauyin sashen da ba kitse ba. Abin da ya rage bayan an cire shi daga nauyin sikeli, shi ake rubutawa a matsayin kitse.

Da 'yar ta gama yi masa wannan bayani, malamin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe dai ba ta taɓa ganin kitsen ba. Ruwa take nema, sauran duk ragowar ɗebewa ce." Ya kama bakin zaren ke nan. Turjiya da nauyi ne kaɗai abin da na'urar ta auna da kanta. Tsawo da shekaru da jinsi mutum ne ya shigar da su da hannu. Duk sauran layukan da suka cika takardar, daga kason kitse zuwa nauyin tsokar kowace gaɓa, ƙiyasi ne da aka gina a kan ƙiyasi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1962 wani likita a birnin Liyon na Faransa mai suna Thomasset ya nuna cewa ana iya ƙiyasta ruwan jiki da lantarki, ko da yake shi allurai yake sokawa a ƙarƙashin fata. A 1969 Hoffer da abokan aikinsa a Amurka suka yi amfani da maliƙai huɗu a kan fatar hannu da ƙafa, suka tabbatar da dangantakar tsawo da turjiya da ruwa. Aikin Henry Lukaski na 1985 shi ya sa masana abinci suka rungumi hanyar. A farkon shekarun 1990 kamfanin Tanita na Japan ya haɗa ta da sikelin da ake takawa, ta shiga gidaje, kuma a 2021 Samsung ya saka ta a cikin agogonsa na Galaxy Watch4. Tun a watan Disamba na 1994 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka tara masana a kan batun, inda aka yarda cewa hanyar tana ƙiyasta ruwan jiki da kyau a mafi yawan yanayi, aka kuma ja kunne cewa cin abinci da shan ruwa da motsa jiki da zafin fata duk suna sauya sakamakon, kuma ba a dogara da ita wajen gane ɗan canjin da ya faru ga mutum guda cikin ɗan lokaci. Na'urorin sun yaɗu ko'ina, jan kunnen bai bi su ba.

Abin da takardar ta nuna

Takardar malamin ta ce kashi 31 cikin ɗari na jikinsa kitse ne, wato sama da kilo 22, kuma tsokar hannuwa da ƙafafunsa ta gaza abin da ake sa rai ga namiji mai tsawonsa. Ko da an yi wa lambar ragi saboda kuskuren na'ura, saƙon bai sauya ba. A cikin shekaru 20 da sikeli ya tsaya cak, an yi ta musaya a ɓoye, tsoka tana fita, kitse yana maye gurbinta kilo da kilo. Kallon kitse ya daɗe yana yi wa rogo, sai dai a nan kitsen ne ya yi shigar lafiya.

Wannan yanayi yana da suna a likitance. Irwin Rosenberg ne ya raɗa masa sakofeniya a 1989, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙarancin tsoka. Zaizayar tana farawa a hankali bayan shekara 30, tana ƙara sauri bayan 60, kuma ciwon sukari da yawan zama suna iza ta. Ga mai ciwon sukari asarar ninki biyu ce, domin tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, don haka raguwarta tana ƙara wahalar da saita sukarin. A ƙarshen wannan hanya akwai faɗuwa a banɗaki, da karayar ƙugu, da kwanciyar da dattijai da yawa ba sa tashi daga gare ta. Malamin bai yi nisa haka a tunaninsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kujerar roba da ake ajiye wa wasu tsofaffi a gefen sahu, wadda ya daɗe yana addu'ar kada ya kai gare ta.

A nan na'urar ta yi abin da sikeli ya kasa shekara da shekaru. Ta tsaga lamba ɗaya gida biyu, ta sa mutumin da bai yarda da komai ba sai lissafi ya ga cewa akwai magana. Bayan an duba ƙodarsa an tabbatar lafiyarta ƙalau, 'yar ta tsara masa abinci mai gina tsoka daga abin da ake da shi a gida: wake da alale da awara, ƙwai, kifi, nono marar sukari, da ɗan ƙuli-ƙuli, aka kuma rage masa tudun tuwo. Ta ƙara masa da aikin ƙarfi, ya riƙa tashi daga kujera yana zama ba tare da dafawa ba, yana ɗaga galan mai lita biyar na ruwa, yana takawa zuwa masallacin da ya fi nisa.

Awon watan azumi

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 da rana. Malamin ya yi azumi da yardar likitansa, bayan an sauya masa lokutan shan magani. A rana ta 20, ɗoki ya kama shi ya ga sakamakon wahalar wata uku, sai ya bi ta asibitin bayan la'asar ba tare da ya gaya wa 'yarsa ba, ya roƙi wani ma'aikaci ya auna shi. Nauyinsa ya sauka zuwa kilo 70, amma takardar ta ce kitse ya hau zuwa kashi 34. Ya yi lissafinsa a tsaye: a cewar na'urar ya yi asarar kilo uku da rabi na abin da ba kitse ba, ya kuma ƙara kitse kusan kilo ɗaya da rabi, duk a cikin watan da yake wuni bai sa komai a baki ba. Ya koma gida jiki a sanyaye, ya ƙi taɓa galan ɗinsa, ya ce da wuya ta banza gara ya huta.

Da 'yar ta zo shan ruwa ta karɓi takardar, abin da ta fara dubawa shi ne lokacin da aka buga ta, da kuma layin turjiya a can ƙasa, wanda ba kowa ke kula da shi ba. Ya tashi daga 550 zuwa 590. Ta miƙa masa biro ta ce, "Baba, raba 28,900 da wannan." Ya raba, ya sami 49. Ta ce, "To ka ga inda tsokar ta tafi. Tun asuba ba ka sha ruwa ba, ka wuni kana gumi. Ruwa ya ragu, lantarki ya sha wuya, ita kuma na'ura duk ruwan da ta rasa tsoka take ɗauka an rasa, ta jibga ragowar a kan kitse."

Ire-iren wannan ruɗi suna da yawa, kuma kowanne yana da dalilinsa. Wanda ya kwankwaɗi ruwa lita guda ya hau na'urar nan take, nauyinsa ya ƙaru da kilo ɗaya, amma ruwan yana cikin tumbi bai bazu ba tukuna, don haka sai a lissafa masa shi cikin kitse. Wanda ya fito daga gudu fatarsa da zafi, jini ya cika gaɓoɓinsa, turjiya ta sauka, sai takarda ta nuna masa kitse ƙasa da gaskiya. Sikelin gida da ake takawa kawai, lantarkinsa yana hawa ta ƙafa ɗaya ya sauka ta ɗayar, kuma da yake ruwa yana taruwa a ƙafafu idan an wuni a tsaye, lambar safe takan bambanta da ta dare. Maganin da ke sa yawan fitsari, da gudawa, da zazzaɓi, da kwanakin al'ada ga mata, duk suna motsa ruwan jiki, lambar kuma tana bin su. Kitse na gaskiya ba ya canzawa haka cikin awoyi, domin kilo guda nasa yana ɗauke da kuzarin da ya kai abincin kwana uku ko fiye na babban mutum.

Da jikin wa aka gina lissafin?

Malamin ya huce, amma tambayarsa ba ta ƙare ba. Ya so ya san daga ina ƙa'idar lissafin da ke cikin na'urar ta fito. Amsar ita ce ana tara wasu ɗaruruwa ko dubban mutane, a auna su da wata hanya da ta fi inganci, kamar na'urar DEXA mai amfani da hasken hoton ƙashi, ko nitsar da mutum cikin ruwa a auna shi, sannan a nemo ƙa'idar da za ta sa lambar turjiya ta yi kusa da wannan sakamako. Ke nan ƙa'idar ta fi dacewa da mutanen da suka yi kama da waɗanda aka gina ta a kansu. Mafi yawan ƙa'idojin an gina su ne a Turai da Amurka da gabashin Asiya, kuma kamfanoni da dama ba sa bayyana wadda suka saka a na'urarsu.

Wannan yana da muhimmanci saboda jiki ba bututu ɗaya ba ne, biyar ne: hannu biyu, ƙafa biyu, da gangar jiki. Gangar jiki tana ɗauke da kusan rabin nauyin mutum, amma saboda kaurinta da gajartarta abin da take bayarwa na turjiya bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Hannu da ƙafa, masu tsawo da siranta, su ke da sauran. Abubuwa biyu ke biyo bayan haka. Na farko, tumbi, wanda shi ne matattarar kitsen da ya fi haɗari ga zuciya da hanta, shi ne sashen da lantarkin ya fi ƙarancin ji, don haka lambar kitsen ciki da wasu na'urori ke bugawa ita ce mafi rauni a takardar. Na biyu, mutanen Afirka kudu da Sahara, a matsakaicin awo, sun fi Turawa da mutanen gabashin Asiya tsawon hannu da ƙafa idan aka kwatanta da tsawon jiki. Doguwar gaɓa turjiyarta ta fi yawa ko da tsokar ɗaya ce, saboda haka ƙa'idar da aka gina a wani wuri tana iya rage wa dogon Bafulatani ko Bahaushe tsoka a takarda, ta ƙara masa kitsen da ba shi da shi.

Gyaran wannan yana hannun jami'o'i. Akwai hanyar auna ruwan jiki kai tsaye da ake kira ta ruwa mai nauyi, inda mutum zai sha ɗan ƙaramin adadi na wani nau'in ruwa marar cutarwa, a ɗauki yawunsa bayan awa uku zuwa huɗu, a ga yadda ya tsarma. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta daɗe tana tallafa wa ƙasashen Afirka wajen amfani da wannan hanya a binciken abinci. Da ita ake iya gwada kowace na'ura a kan manoma da makiyaya da matan aure da tsofaffin wannan yanki, a san iyakar kuskurenta, a kuma gina ƙa'idar da ta san jikinsu.

Inda take da rana

Wanda ya ji duk wannan zai iya cewa na'urar wasa ce, amma ba haka ba ne. Ta fi ƙarfi a wurin da ake neman abin da take aunawa da gaske, wato ruwa. Idan kai-komon lantarki ya yi ƙasa, ba ya iya keta tantanin ƙwayar halitta, sai ya kewaye ta ya bi ruwan waje. Idan ya yi sama sosai, yana ratsawa ya bi duka biyun. Na'urar da ke gwada matakai da yawa tana iya bambance ruwan ciki da na waje, kuma wannan babban taimako ne a ɗakin wankin ƙoda, inda kullum tambayar ita ce lita nawa za a zuƙe daga majiyyaci. Idan an zuƙe kaɗan, ruwa ya taru a huhu, jini ya hau. Idan an zarce, jini ya faɗi, jijiyoyi su ɗaure. Haka kuma tantanin ƙwayoyin halitta yana ɗan jinkirta lantarkin, kuma ana bayyana wannan jinkiri da wata kusurwa wadda a jikin baligi mai lafiya takan kama tsakanin digiri 5 da 7. Ita wannan lamba ba ta bi ta kowace ƙa'idar ƙiyasi ba, kuma faɗuwarta ga masu ciwon daji ko ciwon hanta alama ce da likitoci ke ɗauka da muhimmanci. Akwai kuma waɗanda ake hana su hawa na'urar, musamman mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa, mace mai juna biyu kuma lissafin ba ya aiki a kanta.

Darasin cewa nauyi yana yaudara ma'aikatan lafiya na karkara sun riga kowa saninsa. Yaron da tamowa mai kumburi ta kama, irin wadda Cicely Williams ta bayyana a Akara a shekarun 1930 da sunan kwashiyoko, yana iya yin nauyi a sikeli alhali ruwa ne ya cika shi. Shi ya sa ake danna babban yatsa a kan ƙafafunsa biyu na tsawon sakan uku a ga ko rami zai zauna, ake kuma zagaya damtsensa da 'yar igiyar awo mai launi, inda ƙasa da santimita 11.5 ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar ke nufin haɗari. Babu lantarki a cikin wannan, amma tambayar ɗaya ce da wadda na'ura mai tsada ke ƙoƙarin amsawa.

Manya ma suna da irin waɗannan ma'aunai masu araha. Awon ƙugu da tef ɗin tela yana faɗin labarin tumbi fiye da lantarki, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce, kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Ƙungiyar masanan Turai da ke nazarin zaizayar tsokar tsufa, a matsayar da ta sabunta a 2019, ta sa ƙarfi a gaban yawan tsoka: damƙar hannu da ta gaza kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace, ko kuma ɗaukar fiye da sakan 15 kafin a tashi daga kujera sau biyar, su ne alamun farko. Awon na'ura yana zuwa ne daga baya don tabbatarwa.

Bayan babbar salla malamin ya koma aka auna shi karo na uku, a kan na'urar farko, da sassafe, kafin ya karya. Kitse ya nuna kashi 30. Ya so ya yi murna da maki ɗayan da ya sauka, 'yar ta ce masa wannan bai fita daga da'irar kuskuren na'ura ba, sai an ga awo uku ko huɗu a jere sun nufi gefe guda kafin a ce wani abu. Abin da ta yarda ta taya shi murna a kai shi ne kujera, domin tashi biyar da ke cin masa sakan 17 da hunturu yanzu a 13 yake gama su. Har yanzu yakan dafa bango a raka'ar ƙarshe ta isha idan ya gaji. Ya buɗe wani tsohon littafin rajista da ya rage masa daga makaranta, ya ja layuka da rula, yana cikewa duk bayan wata uku: kwanan wata, ƙarfe nawa, ya ci ko bai ci ba, nauyi, faɗin ƙugu, sakan nawa a kujera. Gurbin kason kitse shi ne na ƙarshe a gefen dama, kuma da fensir yake rubuta shi.